Daga Maƙera zuwa Gareji: Tarihin Gyaran Casis ɗin Akori-kura a Ƙasar Kanya Babba

Kanya Babba gari ne a ƙaramar hukumar Babura, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, yana zaune a kan hanyar da ta taso daga Kwanar Dumawa ta bi ta Kunya, ta ratsa Kanya da Babura, ta dangana da Babban Mutum a bakin iyakar Nijar, inda matafiyi yake fuskantar Magarya da Damagaram. Yamma da shi akwai ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, wadda tsaunuka da tsakuwa suka yi wa yawa, shi kuwa nasa ɓangaren jigawa ce mai rairayi, ƙasar gero da wake da gyaɗa da riɗi. Duk abin da aka noma ko aka kiwata a wannan yanki sai an ɗora shi a kan wani abu kafin ya ga kasuwa, kuma kimanin shekara 50 ke nan babban abin da ake ɗora shi a kai, tsakanin ƙauye da kasuwar mako, shi ne akori-kura, wato ƙaramar motar nan mai ɗakin direba a gaba da buɗaɗɗen bodi a baya.

Abin da yake riƙe da irin wannan mota shi ne casis, wato dogayen ƙarafa biyu da suka miƙe daga gaba zuwa baya, aka ɗaure su da gajerun ƙarafan gicciye, sannan aka ɗora inji da giya da ɗakin direba da bodi a kansu. Inji yakan mutu a sauke shi a ɗora wani, bodi yakan ruɓe a ƙera sabo, amma ranar da casis ya karye karayar da ta fi ƙarfin gyara, ranar ce motar ta tashi daga aiki. Don haka mutumin da yake ƙayyade tsawon ran akori-kura ba bakanike ba ne, mai walda ne, kuma tarihin sana'arsa a wannan yanki ya ginu ne a kan abubuwa uku: nisan ƙasar da hanyar jirgi, gadon da maƙera suka bari, da kuma tattalin arzikin da ya wayi gari ya hana talaka sabuwar mota.

Ƙasar da dogo ya bari a gefe

Kafin zuwan Turawa jaki da raƙumi da takarkari ne suke ɗaukar kayan fatake tsakanin Kano da Damagaram, kuma garuruwan wannan yanki suna cikin zangunan da ake ya da zango a cikinsu. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sai suka daidaita da Faransawa a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, aka shata iyaka, ƙasar Babura ta wayi gari a bakin wata ƙasa dabam. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka baza wakilai cikin ƙauyuka suna saye. Reshen dogon da ya yi gabas ya bi ta Ringim ya kai Nguru a 1930, amma ya bar Babura da Kazaure a gefe, ta yadda duk buhun gyaɗar da aka auna a nan sai ya yi doguwar tafiya a ƙasa kafin ya isa tashar jirgi.

Dabbobi ne suka ci gaba da wannan aiki har sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da manyan motoci suka yawaita, irin su Bedford, wadda direbobi suke kira Bilhodi, da Austin da Commer, daga baya kuma Mercedes 911 ta shigo. Yawancinsu casis da inji kawai ake kawowa, kafintoci su ɗora musu bodin katako, kuma daga 1959 aka fara harhaɗa Bedford a Apapa cikin Ikko. Hanyoyin da suke bi kuwa yawancinsu hanyoyin rani ne da En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, take gyarawa bayan ɗaukewar damina, waɗansu an zuba musu burji, wato jar ƙasa mai tsakuwa, waɗansu kuwa rairayi ne tsagwaronsa. Casis ɗin waɗancan motoci mai kauri ne, kuma ba da walda aka haɗa shi ba, da ribiti ne, wato ƙusa marar zare da ake matse bakinta ta yi kai biyu. Idan ya tsage a hanya babu abin da direba da yaran mota za su iya illa su sauke kaya, su ɗaure wurin da gungumen itace da sarƙa, a lallaɓa motar zuwa Kano, inda garejojin kamfanoni da na Sabon Gari suke da kayan aiki.

Gadon maƙera

Ba a sami ƙasar babu masu sanin ƙarfe ba. Ƙira tana cikin tsofaffin sana'o'in Hausawa, har masu binciken tarihi sun gano alamun narka tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma kowane gari mai suna gari yana da maƙeransa da Sarkin Maƙeransa. Maƙeran baƙi, wato masu aikin baƙin ƙarfe, waɗanda suka bambanta da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, su ne suke samar wa manomi fartanya da garma da gatari da lauje. Kayan aikinsu sanannu ne: zuga-zugi na hura wuta, uwar maƙera da ake dukan ƙarfe a kanta, masaba da awartaki, da gawayin ƙirya wanda aka fi so saboda ƙarfin wutarsa. Sun kuma san yadda ake haɗa ƙarfe biyu su zama ɗaya, ta hanyar gasa bakunansu har su yi fari, a aza ɗaya kan ɗaya, a daka da masaba kafin su huce.

Zuwan dogo da mota ya sauya tushen sana'ar, domin tarkacen ƙarfen Turawa ya fi na tama arha da sauƙin samu, sai narka tama ta yi ta ja da baya har ta mutu, maƙeri ya koma dogara da abin da jirgi da mota suka yar. A nan ne alaƙarsa da mota ta fara, kuma ta fara ne ta sifirin, wato fallayen ƙarfen nan masu tauri da aka jera a tsakanin taya da casis domin su shanye gargada. Maƙeri ya gane cewa babu ƙarfen da ya kai karyayyen sifirin kyau wajen ƙera gatari da adda da wuƙa, direba kuma ya gane cewa maƙeri zai iya mayar wa sifirin da ya kwanta lanƙwasarsa, ya ƙera masa maɗauri, ya huda masa fallen ƙarfen da za a ɗaure a kan tsaga da noti. Abin da maƙeri bai iya ba shi ne ya kai casis cikin wutarsa, domin ƙirarsa ta ginu ne a kan a ɗauko ƙarfe a kawo wa wuta, casis kuwa sai dai a ɗauki wuta a kai masa.

Zuwan walda

Dabarar kai wuta wurin ƙarfe ita ce walda, kuma ba ta daɗe a duniya ba idan aka kwatanta ta da ƙira. A 1892 aka gano hanyar sarrafa kabayid da yawa a Amurka, wato dutsen nan mai toka-toka wanda idan aka zuba masa ruwa yake fitar da iskar asitilin mai kamawa da wuta, a farkon ƙarni na 20 kuma injiniyoyi biyu na Faransa, Edmond Fouché da Charles Picard, suka ƙera bakin wutar da yake gauraya wannan iska da oksijin, ya ba da harshen da yake narka ƙarfe. Wannan ita ce waldar gas. Ta biyu ita ce waldar lantarki, wadda ta tsaya da ƙafafunta bayan Oscar Kjellberg, mutumin Suwidin, ya ƙirƙiro ilaktarod mai rufi a wajen 1907, wato siririyar sandar ƙarfe da aka lulluɓe da wani gari, wanda idan ya ƙone yake kare narkakken ƙarfe daga iska.

A Arewacin Nijeriya ma'aikatar jirgin ƙasa da ma'aikatar ayyuka da garejojin kamfanonin Turawa su ne makarantun farko na wannan aiki, kuma da yawa daga ƙwararrun farko mutanen Kudu ne mazauna Sabon Gari. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun sa da yawansu sun koma gida na wani lokaci, giɓin da suka bari kuma ya buɗe wa samarin Arewa ƙofar kanikanci da walda. Waldar gas ce ta riga isa ƙananan garuruwa, saboda ba ta buƙatar lantarki, tukunyar kabayid da tulun oksijin sun wadatar, sai dai ta fi dacewa da siririn ƙarfe kamar salansa da jikin mota, domin tana daɗewa tana gasa wuri mai faɗi kafin ta narka mai kauri. Casis ya sami maganinsa ne da waldar lantarki ta bazu, bayan kafa hukumar wutar lantarki ta NEPA a 1972 da ayyukan kai wuta karkara da tsohuwar Jihar Kano ta yi, wadda wannan yanki yake cikinta har zuwa 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa. Inda wuta ba ta kai ba, ko ta kai ba ta zama, masu walda sun dogara da injin dizal mai juya janareto, da kuma taransifomar da ake naɗawa da hannu a Kano, a tsoma ta cikin mai domin kada ta ƙone.

Ta fuskar zamantakewa ma walda ta zo da sabon abu. Ƙira gado ce, ɗan maƙeri ne yake zama maƙeri, kuma sana'ar tana da sarautarta da sirrinta. Walda kuwa ba ta tambayar asali, duk yaron da ubansa ya kai shi wurin oga zai fara da share wuri da miƙo kayan aiki, ya wuce zuwa yankan ƙarfe da ɗiga walda a ƙofa da taga, sai bayan shekaru a bar shi ya kwanta ƙarƙashin mota. Duk da haka gidajen maƙera da dama ba su bari sana'ar ta wuce su ba, 'ya'yansu sun shige ta, sun kuma shiga da idon da ya saba karanta zafin ƙarfe daga launinsa.

Zamanin akori-kura

Shekarun 1970 sun sauya abin da ake ɗauka da abin da yake ɗauka. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun rushe dalar gyaɗa, kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji kuma suka cika gari da motoci. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara fitar da motoci a 1975, kamfanin SCOA kuma yana harhaɗa ƙirar ɗaukar kaya a Ikko, sai 404, daga bisani 504, suka zama akori-kurar da kowa ya sani da sunan Fijo, tare da Datsun da Toyota Hilux na Japan. Ciniki ya tashi daga jigilar amfani guda zuwa tashar jirgi, ya koma zagayen kasuwannin mako, irin su Dambatta ranar Lahadi da Maigatari ranar Alhamis, inda ake buƙatar motar da za ta shiga lungun da babbar mota ba ta shiga, ta kwaso buhu da akuya da fasinja a tafi ɗaya. Hanyoyin karkara da hukumar DFRRI ta buɗe daga 1986 sun ƙara mata wurin zuwa, ko da yake yawancinsu ba su ga kwalta ba.

Waɗannan motoci ba ƙira ɗaya ba ce, kuma bambancin ya shafi mai gyara. Ƙaramar Peugeot ta fasinja ba ta da casis dabam, jikinta ne ƙashinta, don haka da za a mayar da ita motar kaya sai da aka ƙara mata dogayen ƙarafa a baya waɗanda suka haɗu da ɗakin direba, mahaɗar nan kuwa ita ce wurin da mai walda yake fara dubawa. Hilux da Datsun suna da cikakken casis wanda ake iya ɗage jiki daga kansa, wani wurin buɗaɗɗe mai siffar harafin C, wato bango ɗaya a tsaye da leɓe a sama da leɓe a ƙasa, wani wurin kuma rufaffe ta kowane gefe. Abin da ya haɗa su duka shi ne an yi su domin ɗaukar kimanin tan ɗaya, wato wajen buhu 10 na hatsi mai kilo 100, alhali a ranar kasuwa ba abin mamaki ba ne a ninka wannan, a ƙara wa bodi tsawo da ƙarfe, mutane kuma su hau kan kayan.

Abin da yake tsaga casis

Ba kasafai casis yake karyewa farat ɗaya ba. Abin da yake cin sa shi ne abin da injiniyoyi suke kira gajiyar ƙarfe, wadda Bajamushe August Wöhler ya yi nazarinta a kan sandunan tayoyin jirgin ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19, inda ya nuna cewa nauyin da bai isa ya karya ƙarfe a karo ɗaya ba zai karya shi idan aka yi ta ɗorawa ana saukewa sau dubbai. Motar da ta ɗauki kaya tana sa casis ya ɗan lanƙwashe a tsakanin tayoyin gaba da na baya, leɓen sama yana matsuwa, na ƙasa yana miƙewa, kowace gargada kuma tana maimaita wannan motsi. Idan aka jibge kaya a can ƙarshen bodi, bayan tayoyin baya, sai lamarin ya juya, leɓen sama ne yake miƙewa a daidai bayan ɗakin direba. Tsaga tana farawa ne a ɓangaren da yake miƙewa, kuma tana zaɓar wurin da ƙarfe ya riga ya sami rauni: bakin huda, gindin mariƙin sifirin, wurin da aka ɗaure akwatin sitiyari, ko gefen tsohuwar walda.

A Turai da Amurka babban makashin casis tsatsa ce, saboda gishirin da ake watsawa a hanya lokacin ƙanƙara. A ƙasar Babura kuwa, inda rani ya fi damina tsawo nesa ba kusa ba, lodi da hanya su ne a gaba. Tsakuwar Roni da Gwiwa tana jijjiga mota, rairayin Kanya yana sa taya ɗaya ta nutse ɗaya ta hau, casis ya murɗe. Akwai kuma maganin da ya koma cuta, domin mai mota idan ya ga sifirin ya kwanta yakan ƙara masa falle biyu ko uku, motar ta miƙe ta ƙara ɗaukar kaya, amma bugun da sifirin yake shanyewa a da sai ya wuce kai tsaye zuwa casis. Tsatsa tana biyo baya ne, kamar yadda Hausawa suke cewa sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga: ruwan damina da taki da fitsarin dabbobi suna kwanciya a cikin tsagar suna ci. Direban da ya san motarsa yakan gane tun da wuri, idan ya ga ratar da take tsakanin ɗakin direba da bodi ta tsuke a sama ko ta buɗe, ko taya tana cinyewa ta gefe ɗaya, ko motar tana tafiya a karkace, ko kuma ya leƙa ya ga siririn layin jar ƙura a jikin baƙin ƙarfe.

Yadda ƙwararru suke gyara

A shekarun farko gyaran bai wuce a bi bakin tsaga da walda a cika ta ba, wani lokaci ma da kaya a kan motar, kuma sakamakon ya koyar da darasi, domin bayan 'yan makonni sabuwar tsaga takan fito a gefen ɗinkin. Dalili shi ne zafin walda yana sauya halin ƙarfen da yake maƙwabtaka da ita, narkakken ƙarfe kuma yana tsukewa idan ya huce, ya bar wurin a ɗaure. Daga irin wannan asara ce aka tara ƙa'idojin da gogaggun masu walda suke bi a yau, waɗanda suka yi daidai da abin da littattafan injiniya suka tanada.

Ana fara sauke kaya, a cire igiyar batir, a kawar da tankin mai da bututun mai da na birki da wayoyi daga inda wuta za ta kai. Sai a ɗaga motar da jak a tallafe casis ta gaba da bayan tsagar har bakunanta su koma mazauninsu, a ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa a tabbatar ɓangarorin biyu sun yi daidai, domin casis ɗin da aka ɗinke a karkace ya karkace ke nan. Bayan an kankare wurin har farin ƙarfe ya fito, sai a nemi inda tsagar ta ƙare, wanda sau da yawa ya wuce inda ido yake gani. Tsohuwar dabarar ita ce a shafa kananzir, a dakata kaɗan, a goge shi tas, a shafa garin alli. Kananzir ɗin da ya shige cikin tsagar zai dawo ya jiƙa allin, ya zana siririn layi mai duhu har zuwa ƙarshenta. A daidai wannan ƙarshe ake yin ƙaramar huda, domin bakin tsaga mai tsini shi ne yake tara ƙarfin da yake tura ta gaba, zagayayyar huda kuwa tana watsa shi.

Daga nan a gurje tsagar ta zama kwari mai faɗin baki, yadda walda za ta ratsa kaurin ƙarfen gaba ɗaya maimakon ta kwanta a sama. Ana ɗinkin ne guntu-guntu, ana tsayawa ana ƙwanƙwashe ɓawon da yake taruwa a kai, ana barin wurin ya sha iska, kuma ilaktarod ɗin da ya sha danshi ba ya shiga wannan aiki, saboda yana barin ƙananan ramuka a cikin ɗinki. Ba a zuba wa wurin ruwa domin a gaggauta hucewarsa. A nan ne ilmin maƙeri da na mai walda suka raba hanya, domin maƙeri yana tsoma gatari a ruwa ne ya yi tauri, casis kuwa ba tauri ake nema gare shi ba, juriya ake nema, ƙarfen da ya cika tauri kuma karyewa yake yi maimakon ya lanƙwashe.

Mataki na ƙarshe shi ne faci, wato fallen ƙarfen da ake ɗorawa ya haye tsagar ta kowane gefe da rata mai yawa. Mai mota yakan so a sa masa mafi kauri, ƙwararre kuwa yakan nemi wanda kaurinsa ya yi daidai da na casis ɗin, sau da yawa ma daga mataccen casis ake yanko shi, domin faci mai kauri ainun yana hana wurin motsi, sai lanƙwasar ta taru a bakinsa ta buɗe sabuwar tsaga. Saboda wannan dalili ne ake fiƙe bakunansa su yi tsini ko su zagaye maimakon a yanke su a miƙe, ana ɗinke shi a jikin bango ana bin tsawon casis, ana kuma guje wa jan walda ta gicciye leɓe, musamman leɓen da yake miƙewa. Waɗansu sukan ƙara da noti, a ƙarshe a shafe wurin da fenti ko baƙin mai. Casis ɗin manyan motocin zamani, wanda aka gasa a masana'anta domin ya ƙara ƙarfi, yakan zo da gargaɗin kada a yi masa walda ko a huda leɓensa, tsofaffin akori-kura kuwa an yi su da ƙarfe mai taushi wanda yake karɓar wuta, kuma wannan yana cikin dalilan daɗewarsu.

Bayan 1986

Abin da ya mayar da wannan gyara daga lalura zuwa sana'a mai zaman kanta shi ne tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida. Kafin 1986 naira tana kusan kai ɗaya da dalar Amurka, a 1987 kuwa dala ɗaya ta kai wajen naira 4, ta kuma ci gaba da hawa, sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwar ƙauye. Motar da a da za a yar bayan shekara 10 sai aka riƙe ta shekara 30, gurbin sababbi kuma ya cika da tsofaffin motocin Turai da ake shigowa da su ta Kwatano, waɗanda da yawansu suka zo da tsatsar gishiri a ɓoye cikin rufaffen casis, cutar da mai waldar wannan yanki bai saba da ita ba. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ta zama wurin da ake samun rabin casis da gutsattsarinsa, har aka kai ga yanke gaban wata mota a haɗa da bayan wata. Irin wannan haɗi shi ne ya fi kowanne haɗari idan bai faɗa hannun gwani ba, kuma ko da yake an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, akwai kuma jami'an duba lafiyar motoci, abin da ido yake iya gani a bakin hanya bai cika kaiwa ga abin da yake ƙarƙashin bodi ba. A aikace, amanar mai walda ita ce takardar shaidar lafiyar casis.

Motar da ta gagari gyara ma ba ta fita daga hidimar noma. Aksil ɗinta na baya, wato sandar da take haɗa tayoyi biyu, shi ake ɗora wa amalanken shanu, wanda yake ɗebo taki da amfanin gona a duk faɗin Jigawa. Sifirin ya koma maƙera. Sauran kuma 'yan gwangwan su auna su tura masana'antun narka ƙarfe. Ta haka mai walda da maƙeri, waɗanda aka zaci ɗaya zai kashe kasuwar ɗaya, suka zama masu cin abinci daga mota guda.

A yau sana'ar tana fuskantar sauyin da ya kai na 1986 girma. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya daina fitar da 504 tun tsakiyar shekarun 2000, rufe iyakar Nijar a 2019 da 2023 da janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 sun rage zirga-zirga sun kuma tsadar da wutar janareto, Mitsubishi Canter da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya suna raba aikin akori-kura a tsakaninsu. Hanyar jirgin Kano zuwa Maraɗi, wadda aka ƙaddamar da aikinta a 2021, za ta bi ta Kazaure, amma ba za ta shiga gona ba, don haka buƙatar ƙaramar motar kaya tana nan. Matsalar ita ce motocin da za su gaji tsofaffin an yi su da siririn ƙarfe mai ƙarfi wanda zafi yake raunanawa, suna kuma ɗauke da kwamfutar inji wadda wutar walda take iya ƙonawa. Ilmin da aka tara a kan Fijo ta hanyar gwaji da asara ba zai wadatar a kansu ba, kuma asarar gwaji a kan motar miliyoyin naira ba abin da mai mota zai ɗauka ba ne. Makomar sana'ar ta rataya ne a kan ko makarantun fasaha na yankin, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da take Kazaure, za su kai sanin nau'in ƙarfe da aune-aunensa garejojin bakin tasha, su kuma karɓi abin da masu garejin suka sani game da lodi da hanya, wanda ba ya cikin littafin kamfanin da ya ƙera motar.